Shan Haske da Mayar da Haske: Wanne Ya Fi Kama Ɗan Ƙanƙanin Abu?

'Yan uwa masu karanta kimiyyar ɗakin gwaji, ga tambayar da ya kamata mu riƙe amsarta kafin jarrabawa: me ya sa auna hasken da sinadari ya mayar ya fi gano ɗan ƙanƙanin abu a kan auna wanda ya sha?

Mu fara da shan haske. Ka zuba ruwan gwaji a 'yar kwalbar na'ura mai faɗin santimita 1, ka haska shi, sinadarin ya shanye wani kaso, sauran ya wuce. Dokar Beer-Lambert ta ce A = εcl, wato shan yana ƙaruwa daidai da yawan sinadarin da tsawon hanyar da hasken ya bi. In A ta nuna 1, kashi 10 cikin 100 ne ya wuce. In 2 ce, kashi 1 kacal. To, in sinadarin ɗan mitsitsi ne fa? Hasken da ya shiga da wanda ya fito sun kusa zama ɗaya, sai na'ura ta kasa rarrabewa.

A fuloresens kuwa, ƙwayar sinadarin tana shan haske, ilektiron ya hau mataki, ya zubar da ɗan ƙarfi a matsayin zafi, sannan ya sauko cikin 'yan nanosakan yana fitar da haske mai zango mafi tsawo. George Stokes ya bayyana wannan a 1852. Kwinin, alal misali, yana sha a wajen nanomita 350, ya mayar da shuɗi a wajen 450. Ma'aunin yana gefe, a kusurwar digiri 90, ba ya kallon fitilar. Ka ga ke nan a cikin duhu yake awo, kuma tauraro da dare ake ganinsa.

Wannan ba karatun takarda kawai ba ne. Aflatoksin B1, gubar da funfuna ke bari a gyaɗa da masara, mai jawo kansar hanta, tana ba da shuɗin haske a ƙarƙashin fitilar UV mai nanomita 365, kuma ana amfani da hakan wajen gano ta.

Sai dai a kula: in ruwan ya yi kauri, shi kansa zai shanye hasken, na'ura ta nuna adadi ƙasa da gaskiya. Gurɓatacciyar gyaɗa sai ta wuce a matsayin mai kyau. Don haka ka sirka samfurinka, ka tabbata awonka ya faɗa cikin miƙaƙƙen layin ma'auni kafin ka rubuta sakamako.