Ƙwallon mangwaro ba ya jira

Jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu ɗan fili a tsakar gida, in kun sayo kayan marmari a kasuwar 'Yan Lemo kuna son shuka irinsu, kowanne da yadda ake bi da shi. Ƙwallon mangwaro ba ya jure bushewa. Ku fasa ɓawon a hankali, ku ciro ƙwayar ciki, ku binne ta cikin kwanaki kaɗan. Sai dai ƙwallon mangwaron aure ba lallai ya gado uwarsa ba, a ganina gara ku sayi dashe. 'Ya'yan gwanda a murje su a ruwa har santsin ya fita, a shanya a inuwa. Zogale kuwa, in kuna da bishiyarsa, a bar kwanson ya bushe a jikin bishiya kafin a cire.