Darasi na 14: Ciwon Shawara Ga Mace Mai Ciki

Dukanmu mun san hanta, muna ganinta in an yanka rago. Ita ce ke tace jini a jikin mutum. In ta kasa aiki, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Wannan shi muke kira shawara.

Akwai wata irin shawara da ke kama mace mai ciki kaɗai. Kitse ne ke taruwa cikin hanta, ya hana ta aiki. Ba ta da yawa. Cikin masu ciki 10,000, kamar ɗaya take kamawa. Takan zo bayan ciki ya wuce wata 6. Ta fi kama mai cikin fari da mai cikin tagwaye.

Ga alamunta: amai, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari da kasala. Daga nan ido ya yi rawaya. In an yi sakaci, sai hankali ya gushe.

To, ana warkewa? Ƙwarai kuwa. Maganinta shi ne a raba uwa da ciki. Likita zai sa naƙuda ta zo, ko ya yi aiki ya fid da yaro. Wani lokaci sai an ƙara mata jini. A da, cikin mata 10 sai 7 su rasu. Yanzu, in an kai da wuri asibiti mai kayan aiki, 9 cikin 10 ko fiye suna tashi.

Bayan haihuwa, kwanakin farko su ne masu wuya, dole ta zauna asibiti. Yawanci cikin mako 1 ko 2 hanta takan soma komawa daidai, kuma ba ta barin tabo. Kada mu ba maijego jiƙo ko sassaƙe, gama hanta mai rauni ba ta iya tace su. Tana iya sake haihuwa, amma ta fara awo da wuri, ta gaya wa ungozoma abin da ya same ta a baya.

Mu mutanen fadama muna da wata matsala. Da damina Kogin Haɗeja yakan cika ya yanke hanya, kamar yadda ya yi a 2022. Mutumin Auyo, ko Guri, ko Kirikasamma, ya tanadi kuɗin mota da na jirgi tun ciki yana ƙarami. Yarinya mai cikin fari kuma kunya takan hana ta magana. Uwa da miji su riƙa duba idonta da hasken rana. Ranar da aka ga rawaya, ranar za a tafi Babban Asibitin Haɗeja. Kada a kwana.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin hanta?
2. Faɗi alamu 3 na wannan ciwo.
3. Me ya sa ba a ba maijegon jiƙo?
4. Rubuta a allonka: Ido ya yi rawaya, sai asibiti.