Darasin lafiya: Funfuna a cikin huhu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tarka, kowa ya san funfuna. Mukan gan ta a kan hatsin da damshi ya kama cikin rumbu. Mukan gan ta a kan gujiya da tsohon tuwo. Amma kun san tana iya tsirowa cikin huhun mutum?

Yadda take shiga

Funfuna tana da iri ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna tashi cikin ƙura lokacin sussuka da sharar rumbu. Kullum muna shaƙarsu. Jikin mai lafiya yana kashe su. Amma wanda jikinsa ya raunana, kamar mai ciwon sida ko mai shan maganin ciwon daji, ba ya iyawa.

Haka ma wanda ya taɓa yin tarin fuka. Tarin yakan bar rami cikin huhu. Funfuna sai ta zauna cikin ramin, ta girma. Likitoci suna ce wa wannan funfuna Asfajilus. A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin funfuna mafi haɗari ga ɗan Adam.

Alamomi

Tari mai daɗewa. Jini cikin kaki. Rama da kasala. Kun ga alamomin sun yi kama da na tarin fuka. Shi ya sa ake ruɗewa. Mutum ya gama shan maganin tari na wata 6, amma tarin bai bar shi ba. In funfuna ce, ƙara maganin tari ba zai yi kome ba. Maganinta daban ne, kuma ana shan shi watanni da yawa.

Yadda likita ke gani

Na farko, ana auna kaki da jini. Na biyu, ana ɗaukar hoton ƙirji, wanda muke ce ma radiyo. Hoton yana nuna rami ko tabo. Amma ba kullum yake faɗin abin da ke cikin tabon ba.

Akwai wata dabara kuma, ita ce allura mai alama. Ku tuna da makiyayi. In ya rataya ma raƙumi ƙararrawa, ko cikin dare ya san inda raƙumin yake. To, haka wannan allura take. Ana sa wani ruwa kaɗan cikin jijiya. Ruwan yana fid da haske wanda ido ba ya gani, sai mashin. Jini ya kai ruwan inda ciwo yake, ya taru can. Mashin ya ɗauki hoto, wurin ya fito fili. A Yamai, a Jami'ar Abdu Mumuni, ana yin irin wannan awo don duba maƙoƙo da ƙashi.

Ruwan da aka fi sani wajen neman ciwo a huhu yana kama da sukari. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi cikin minti 110. Aibinsa ɗaya: yana taruwa wurin funfuna, da wurin tarin fuka, da wurin ciwon daji, bai bambanta su ba.

Don haka masana suna neman ruwan da funfuna kaɗai ke sha. Funfuna tana son sinadarin ƙarfe, tana aika wani abu ya kamo mata shi. A garin Insburuk na ƙasar Ostiriya, a 2010, masana suka rataya alama ga wannan ɗan aike. Suka gwada a kan ɓeraye, funfuna ta haɗiye shi, ta fito cikin hoto. Aikin yana hannun masu bincike.

Abin da za mu yi

1. Mu bar hatsi ya bushe sarai kafin mu sa shi rumbu.
2. Mu rufe hanci da baki wurin sussuka da sharar rumbu.
3. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, kada ya share rumbu mai funfuna.
4. In magani ya ƙare tari bai ƙare ba, a koma gidan likita da takardun awo. In sun tura mu Belbeji, Tanut ko Damagaram, mu tafi. Kada mu jira.

Tambayoyi

1. Su wa funfuna ta fi kamawa?
2. Mi ya sa ake ruɗa ta da tarin fuka?
3. Mine ne aikin allura mai alama?

Wanda ya karanta, ya gaya ma wanda bai iya ba.