Saƙon imel: yau ya shigo, gobe shiru

Tambaya: Kamfaninmu na hatsi a Gusau yana da rassa a Tsafe da Bungudu. Sabar imel tana ofishinmu. Wasu saƙonni suna shigowa, wasu kuma ko ƙeyarsu ba ma gani. Ina mafita?

Amsa: Malam, fara da neman takardar dawowar saƙo daga wanda ya aiko. In lambar da ke cikinta ta fara da 4, kamar 451, jinkiri ne, za a sake gwadawa. In 550 ce, sabarku ce ta ƙi karɓa.

Na fi zargin rajistar MX, wadda ke nuna sabar da za a kai wa saƙonninku. Sau da yawa akan bar biyu, ɗaya tana nuna tsohuwar sabar da aka daina amfani da ita. A goge ta.

Sai wuta da layi. Sabar mai aikowa takan yi ta gwadawa kwana 4 zuwa 5 kafin ta haƙura, don haka ɗauke wuta na yini jinkiri kawai yake jawowa. Amma ka tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara makonni: wannan ya wuce haƙurin kowace saba. A kuma duba akwatin tarkace da cikar faifai.

Shawarata, ku mai da sabar zuwa cibiyar da wuta ba ta yankewa.