Hunturu a Bakin Tafkin Kainji: Kimiyyar Itace, Wuta da Ɗumin Ɗaki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Yelwan Yauri, ko Wara ta ƙasar Ngaski, ko ƙauyukan Shanga a watan Disamba ko Janairu, ya san yadda gari ke wayewa: hazo ya lulluɓe ruwa, masunta sun takure cikin kwale-kwale, yara kuwa sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. Wannan ɗumi ba ya samuwa a banza. Kafin wuta ta kama, sai wani ya shiga daji, ya sara, ya ɗaure, ya ɗauko a ka, ya faskara, sa'annan da safe ya kwashe toka. Manufar wannan darasi ita ce mu ga yadda ilmin kimiyya zai rage wannan wahala, ya kuma tsare rayuka.

Me Ya Sa Muke Jin Sanyi?

Iskar hunturu busasshiya ce, daga hamadar Sahara take kaɗowa tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu. Da yake babu gajimare ko laima a sama da za su tare zafin da ƙasa ta sha da rana, sai ya tsere da dare. Shi ya sa rana kan wuce digiri 30 a ma'aunin Santigireti, amma da asuba a sauko wajen digiri 15. A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, wannan ba komai ba ne. To amma gidajenmu an gina su ne don maganin zafi, ba don tsare ɗumi ba.

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37. Idan zafin ya fara zurarewa, sai jijiyoyin jini na fata su tsuke, tsoka ta shiga karkarwa don ta samar da ɗumi. Jariri sabon haihuwa bai iya wannan karkarwa sosai ba, ga shi faɗin fatarsa yana da yawa idan aka gwada da nauyinsa, saboda haka ya fi kowa saurin yin sanyi. Haka nan tsofaffi. Su ne ya kamata a fara tunawa da su wajen rabon bargo.

Ɗanyen Itace da Busasshe

Ina yaro, ni ake aikawa ɗauko itace, kuma na sha faɗa a kan kawo ɗanye. Sai da na girma na gane dalili. Itacen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ke nan matar da ta ɗora damin kilo 20 a kan gammo, kilo 10 na ruwa ta sha wahalar ɗaukowa. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Kafin itacen ya ci wuta, dole ruwan ya zama tururi, kuma kowane kilo ɗaya na ruwa yana cinye kilojul 2,260 na zafi, wato fiye da ninki biyar na abin da ake bukata a ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafi ya tafi ke nan, ɗaki bai amfana ba, sai hayaƙi da yajin ido.

A nan ne amfanin faskare yake. Gungumen da aka tsaga yana da fuskoki da yawa da iska za ta taɓa, don haka ya fi saurin bushewa. A jera shi a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, a bar tsakani don iska ta ratsa. Mai hikima tun ƙarshen damina yake tara nasa, domin hunturun kansa shi ne mai busar da shi kyauta.

Irin itacen ma abin lura ne. Marke da ƙirya suna da nauyi da tauri, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi. Kara da ƙirare kuwa na kunna wuta ne, nan da nan suke zama toka. Amma kaɗanya da ɗorawa, amfaninsu a tsaye ya fi na murhu nesa ba kusa ba. A bakin tafki bukatar itace ninki biyu ce, gama bandar kifi ma da shi ake yi.

Tsare Ɗumin da Aka Samu

Hura wuta a ɗakin da ɗumi ke tserewa kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana, ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Jinkar ciyawa kuwa tana riƙe iska a tsakanin ƙwayoyinta, iskar da ba ta motsi kuma ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, aka mai da su sababbin gidajen siminti. Yau kuma rufin kwano ya game ko'ina. Rufi marar kauri yana saurin zafi, yana saurin hucewa. Maganinsa mai sauƙi ne: a sa silin ko da na tabarma ne, a rataya asabari a ƙofa, a shimfiɗa abu tsakanin jiki da daɓen siminti. Riguna biyu marasa kauri sukan fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu.

Makashin da Ba A Gani

Wannan shi ne sashen da nake roƙon malamai su nanata wa ɗalibai. Idan aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka toshe ƙofa da taga, iskar oksijin tana raguwa, sai wutar ta riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama himogulobin, wato sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba zai ji komai ba har rai ya yi halinsa. Rashin hayaƙi ba shaidar lafiya ba ce, domin jan garwashi ma yana fitar da ita.

Saboda haka a ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai, a buɗe ko'ina, a fitar da su sarari, a garzaya da su asibiti.

Aikin Aji

A sami ɗanyen reshe, a raba shi gida biyu daidai. A faskara ɗaya, a bar ɗaya yadda yake, a auna nauyin kowanne. A shanya su wuri ɗaya, a riƙa aunawa duk mako har makonni huɗu. Wanne ya fi rage nauyi? Ina nauyin ya tafi? Daga nan ɗalibi ya lissafa yawan ruwan da ake ɗaukowa gidansu a kowane damin ɗanyen itace, ya kai wa iyayensa amsar.