Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur

A ƙauyuka da yawa akwai tsofaffin babura jingine a zaure ko a gindin rumbu, ƙura ta rufe su. Wani Honda Benly ne, wani Suzuki A100, wani Yamaha YB100. Wani kuma Vespa ce, irin wadda malaman makaranta suka yi yayi a shekarun 1970. Masu su ba su sayar ba, ba su kuma gyara ba, domin kayan gyara sun yi tsada.

Tsadar tana da dalili. Yawancin kayan daga ƙasashen waje ake sayo su, da dala. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 aka karya darajar naira. A 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500. Ga shi kuma an daina ƙera da yawa daga cikin waɗannan babura, kayansu na asali sai an nema. Saboda haka mai son tayar da nasa kada ya fara da zuwa kasuwa. Ya fara da dubawa.

Babur ɗin da ya daɗe a ajiye injinsa yakan cije. Kada a taka kik da ƙarfi, ringi zai iya karyewa. A kwance fulogi, a zuba ɗan baƙin mai ta ramin, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a gwada a hankali. A juye tsohon fetur. Idan tanki ya yi tsatsa, a cire shi, a zuba kananzir da 'yan notuna a ciki, a jijjiga sosai, a ɗauraye, a shanya. A wanke kafireta. Sau da yawa injin da aka ce ya mutu, datti ne kawai ya toshe masa hanyar mai.

Sai mai babur ya san irin injinsa, domin iri biyu ne. Honda Benly da ƙaramar Honda C70 suna da wurin baƙin mai a cikin inji, ana juye shi a zuba sabo. Man da C70 ke ɗauka bai kai lita ɗaya ba, don haka yakan lalace da wuri a hanya mai ƙura. Su kuwa A100 da YB100 da Vespa suna ƙona mai tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi. A100 da YB100 suna da ɗan tankin mai daban, kada a bari ya bushe. Vespa da yawa kuma a tankin fetur ake haɗa musu, kashi 2 cikin 100, wato mililita 100 na mai ga lita 5 ta fetur. Wanda ya rage wannan mai don tsimi, fistin zai saya.

Idan inji ya ci har ba ya da ƙarfi, ba dole ne a sayi sabon bulo ba. Masu injin borin suna faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistin da ringi masu ɗan girma. Girman yana hawa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, sai 1.00. A roƙi mai aikin ya tsaya a mataki mafi ƙanƙanta da zai yi, domin a bar wa gaba. Tsohon abin da aka cire kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan. Da shi za a gwada sabo a kasuwa, kuma a wurare irin su Panteka ta Kaduna akwai masu iya gyara ƙarfe ko su ƙera kwatankwacinsa.

Idan saye ya zama dole, a rubuta sunan babur da lambar injinsa a takarda, a tafi da ita. Kayan babur da yawa daga kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra suke zuwa arewa, akwai masu kyau, akwai jabu, kwalinsu kuwa kusan iri ɗaya. Araha ba ta ado. Sau da yawa na hannu da aka ciro daga tsohon babur ya fi sabon jabu ƙarko. Sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya tare ake canza su, in ba haka ba tsoho ya cinye sabo. A kuma duba batir. Tsofaffin babura da yawa na 6 ne, idan aka sa musu na 12 ƙwayayen fitila za su ƙone.

Bayan ya tashi, babban abokin gabarsa ƙura ce, musamman da hunturu. A riƙa wanke soson da ke tace iska. Wasu sukan cire shi wai don babur ya ƙara gudu, alhali yashi suke ba injin. Launin fulogi ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa ko iska ta toshe. Fari fat, inji na zafi, sai a ga bakanike.

Fenti da madubi mai ƙyalli za su iya jira har bayan kaka. Birki da taya ba sa jira, domin su ke riƙe da ran direba da na wanda ya goya. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, takan bushe ta tsattsage. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, tun daga shekarar 2000 haka ake rubutawa. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Mai karatun da ya ga 4021 a jikin taya, sai ya rubuta makon da shekarar a littafinsa, ya nuna wa malamin aji.