DARASIN WATA: BIRIN GASHAKA DA AMANAR KURMI



Kwanakin baya, bayan an tashi daga Misa, wani ɗan sakandare ya tsare ni a ƙofar coci. Ya ce, "Fada, malaminmu ya ce halittu suna sauyawa sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Katekis kuwa ya ce Allah ne ya halicci kome. Wanne zan riƙe?" Na ce masa ya riƙe duka biyu. Darasinmu na wannan wata bayanin amsar nan ne, tare da nauyin da take ɗora mana.

ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

A shekara ta 1859 wani Bature ɗan Ingila, Charles Darwin, ya bayyana abin da masana suke kira juyin halitta. Ga taƙaitaccen bayaninsa: 'ya'ya ba su fitowa daidai wa daida da iyayensu. Waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin zamansu su ne suka fi rayuwa har su hayayyafa. A kwana a tashi, sai iri ɗaya ya rabu biyu. Wanda kuwa ya gano ƙa'idojin gadon kamanni, ta wurin gwajin wani irin wake a lambu, Fada ne na Katolika, Gregor Mendel, a 1866.

A 1950 Paparoma Piyus na 12 ya ce ba a hana masana binciken asalin jikin mutum ba, muddin an riƙe cewa kurwar kowane mutum Allah ne da kansa yake halittarta. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ƙara da cewa shaidun da aka tara sun sa wannan ilmi ya wuce matsayin zato. Littafin Farawa yana gaya mana Wanda ya yi duniya da dalilin yinta, kimiyya kuwa tana bin sawun hanyar da aka bi. Manomi ya san amfanin taki da ruwan sama, wannan bai hana shi kai godiyar kaka gaban bagade ba.

MISALI DAGA ƘASARMU

A jihohin Taraba da Adamawa akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya. A kurminsa akwai babban birin nan marar wutsiya da ake kira cimfanzi, wanda yakan yi sheƙar ganye a kan itace kowace yamma domin kwana.

A da masana sun ɗauka cimfanzi kashi uku ne a Afirka. Sai wasu suka tattara gashin da biran suke bari a sheƙarsu, suka binciki ƙwayoyin gadon da ke ciki. A 1997 suka ba da sanarwa cewa biran Nijeriya da yammacin Kamaru zuriya ce ta dabam, wato kashi na huɗu. Kogin Sanaga na Kamaru shi ne iyaka tsakaninsu da 'yan'uwansu na kudu, kuma rabuwar ta daɗe ƙwarai, har kowane ɓangare ya ɗauki nasa gadon. A 2011 masana sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce tsakanin 3,500 da 9,000 ba.

Ku lura da amfanin wannan bincike. Da ba a yi shi ba, da sai mu ce idan namu sun ƙare akwai wasu a Kwango. Yanzu mun sani babu irinsu a ko'ina sai a nan. Abin da Allah ya ɗauki dubban shekaru yana sassaƙawa, bindigar maharbi tana iya shafe shi cikin zamanin mutum ɗaya, ba kuwa mai iya mayar da shi.

KURMI GIDA ƊAYA NE

Wani zai ce, "Ina ruwana da biri?" A kurmin Ngel Nyaki da ke kan tudun Mambila, masu bincike sun nuna yadda birai da tsuntsaye suke cin 'ya'yan itatuwa, su kai ƙwallayen nesa su zubar, can su tsiro. Akwai itatuwa masu manyan ƙwallaye waɗanda sai babbar dabba ce take iya ɗauka. Idan aka kashe dabbobin, kurmi zai ci gaba da tsayuwa na ɗan lokaci, amma ya zama kamar garin da aka daina haihuwa a cikinsa. Idan kurmi ya tafi, ƙoramu su ƙafe da rani, su yi ambaliya da damina. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Gashaka shi ne yake shiga Kogin Taraba, ya zuba a Binuwai, inda masunta da manoman fadama suke neman abinci.

Mun kuma ga abin da ya sami madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid. An yi ta sararta ana lodi zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Kuɗin da aka samu a ƙauyuka sun ƙare tuni, kututturan suna nan.

NAUYIN DA KE KANMU

A Farawa 2:15 mun ga aiki biyu aka ba mutum game da gonar Adnin: nomanta da kuma tsaronta. Mun riƙe na fari, mun yi sakaci da na biyu. A wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, marigayi Paparoma Faransis ya tuna mana cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Allah, ko da ba ta kawo mana ko kwabo ba.

Na sani ba mugunta ce take kai yawancinmu daji da gatari ba, kuɗin makaranta ne da na asibiti. Duk da haka talauci ba ya mai da amana ta zama ganima. Saboda haka ina roƙonku abu uku. Kada mu sa wa daji wuta domin farautar gafiya. Kada mu saya ko mu ci naman dabbar da doka ta hana kashewa, gama mai saye shi ne yake aiken maharbi. Kowace ƙungiya kuma, daga Zumuntar Mata har zuwa matasa, ta dasa itatuwan gida kamar maɗaci da ɗorawa da damina, ta kuma yi musu shinge.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Waɗanne dabbobi da itatuwa ne kakanninmu suka sani a yankinmu waɗanda 'ya'yanmu ba su taɓa gani ba?
2. Me za ka amsa wa yaron da ya ce ilmin makaranta ya saɓa wa bangaskiya?
3. Wane aiki ɗaya cocinku za ta kammala kafin idin Waliyyi Faransis na Asisi, ranar 4 ga Oktoba?

ADDU'A

Ya Allah Mahalicci, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa aikin hannuwanka. Ka ba mu zuciyar masu riƙon amana, domin jikokinmu su tarar da inuwa da ruwa, su yabe ka. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.